Masu Rawani a Hanyar Alela

Babura uku suka tare ni a hanyar Alela, da rana tsaka. Maza shida, kowa ya naɗe fuska da rawani, ko idanu da ƙyar ake gani.

"Ke ta Hamdiyya, mai aikin ceton ƙudan zuma?" in ji babbansu.

Na so in ce a'a, amma ga hoton zuma ɓaro-ɓaro a rigata ta proje, ta wurin aikinmu. Shekara huɗu ina bin ƙauyuka ina hana mutane cinna wa amya wuta da fesa magani lokacin fure. Na san na tara maƙiya.

"Biyo mu."

Suka sa babur ɗina a tsakiya, muka bar hanya muka nausa gonaki. Waya ba rezo, ba halin kiran kowa. Duk addu'ar da na sani na karanto, ina tuna ɗiyata da na kai lakwal, makarantar boko, da safe ina mata faɗa.

A bayan wani ƙauye suka tsaya, nesa da wani rumbu. Na sauka daga babur. Na durƙusa, na ce su yi wa Allah su bar ni da raina.

Babban ya kwance rawani. Fuska ta kumbura suntum, ido ɗaya a rufe. Sauran biyar ma haka.

"Tashi, Malama. Zuma ta shige muna rumbu, kwana ukku ba mu ɗebi hatsi ba. Ke kinka ce kar a ƙone ta. Mu mun ji maganarki. Saura ki je ki gaya mata ita ma."