Mahaucin Da Ya Hana Cin Nama A Gidansa

"Daga yau babu nama a gidan nan," in ji mijina, ya dire ledar wake da alayyahu a ƙofar kicin.

Na yi dariya. Mahauci ne fa, shekara ashirin da wuƙa a hannu. "Baban Auta, likita ne ya tsorata ka?"

"Na ce babu. Ko romo."

Kwana biyar muna fama da wake da ganye. Ban iya sarrafa su ba, miya kullum salam. Auta, 'yarmu mai shekara huɗu, sai ture kwano take yi tana kuka. Tausayi ya kama ni. A rana ta shida na soya mata tsoka huɗu a ɓoye, na buɗe taga don ƙamshin ya fita.

Washegari muna asibiti. Amai da gudawa, an ɗaura mata ruwa, idanunta sun faɗa.

Baban Auta ya shigo a guje da rigar aikinsa. "Me ta ci?"

Na faɗa masa gaskiya.

"A ina kika saya?"

"Kwantar da hankalinka. Maƙwabciya na aika, na ce ta sayo a teburinka. Naman wa zan yarda da shi in ba naka ba?"

Ya sulale ƙasa, ya dafe kai.

"Shanun da muke sayarwa makon nan," ya ce a hankali, "ba mu muka yanka su ba. A mace ake kawo mana su."