Shaidar Likita Ishaku

Da Likita Ishaku ya shigo rumfar shari'a a Gidan Rumji, babu wanda ya matsa masa wuri a kan benci. Wata ma tsaki ta ja, dogo, har jandarma, ɗan sandan da ke gadin rumfar, ya waiwaya.

Ba a daɗe da sauke tutar Faransa ba, amma alƙalin da aka turo daga Maraɗi baƙo ne, mutumin bakin teku, ko "sannu" bai iya ba. Duk abin da zai shiga kunnensa sai ya bi ta bakin tafinta Na'Allah.

Maganar ba ta da tsawo. Tun kaka buron lafiya, ofishin da ke kula da likitoci, ya dakatar da Ishaku, aka garƙame ɗakin magani, saboda Ɗanbaba mai hatsi ya cika a kan tabarma a ƙofar wurin ranar kasuwa, likita ba ya nan. Yanzu wa'adin dakatarwar ya ƙare, buro kuma ba shi da ikon ƙarawa, sai kotu. In alƙali ya ƙi, gobe Ishaku ya koma riƙe allura. In ya ƙara, an riga an ce wani za a kawo a kujerar Ishaku, karatun da ya yi a Dakar ya tashi a banza ke nan.

Garin kuwa ƙarin yake so. Dama can ba sa ƙaunarsa. Mutum ne mai kwat da takalmi sau-ciki, tun yana ƙarami Nasara suka ɗauke shi lakol, makarantarsu ta boko, babu wanda ya san gidansu balle a ce ga wanda za a ji wa nauyi. Ba ya hira, ba ya dariya, ya yi maka allura kamar kai ka ɗora wa kanka ciwon.

Balki, ƙanwar mamacin, ita ta fara magana, kuma ba ta rage masa komai ba.

"Bariki ya tafi shan giya! Yayana na shure-shure, shi yana can yana holewa. Wallahi ko akuyata ba zan ba shi ya duba ba."

Rumfa ta ɗauki "ƙwarai kuwa!"

Ishaku ya ce shi ruga ya tafi, can bayan Sae Sabuwa. Wata tsohuwa ce numfashi ya sarƙe mata aka aiko, kuma sa'ad da ya fita ba a kawo Ɗanbaba ba. Tsohuwar tana waje, a tambaye ta. Bai ƙara ko kalma ba. Ya yi zama da Nasara, ya san irin shaidar da kotu ke karɓa da wadda take jefarwa.

Aka shigo da ita. Doguwa ce siririya, ƙafafunta sun yi furu-furu da tafiya, Gogo ake ce mata. Tana shigowa Ishaku ya miƙe ya sunkuyar da kai, mutane suka ce kun gani, tsoro ya kama shi. Ita ko kallon inda yake ba ta yi ba. Ta ja mayafi, ta durƙusa, ta ba shi baya.

"Kin san mutumin nan?" in ji Na'Allah.

"Ina ganinsa."

"Alƙali ya ce ki faɗi sunansa."

Ta ƙara jan mayafi. Ya maimaita, har da tsawa.

"Ba ya fita a bakina," ta ce, Hausarta da ɗaurin harshen makiyaya.

Kai, zo ka ga murna a rumfar nan! Na'Allah ya juya ya gaya wa alƙali cewa ta ce ba za ta ɓata bakinta da sunansa ba. Alƙali ya ɗaga gira.

"To wa ya zo rugarku ranar kasuwar?"

"Wancan." Da haɓa ta nuna, ba ta juya ba. Alƙali ya dubi gefen da ta nuna, mutane ne cike har bakin zana.

"Shi ya warkar da ke?"

"Allah ya warkar."

"Likitan kirki ne?"

Ta murɗa bakin mayafi a yatsa, ta warware. Daga baya ta ce, "A tambayi mutane. Ni ban ga abin da ya iya ba."

Ishaku ya buɗe baki, ya dubi bayan tsohuwar, ya mayar ya rufe. Gumi ya jiƙa masa wuyan kwat.

Alƙali bai wahalar da kansa ba. Da Faransanci ya yanke: mutumin da shaidarsa ta kansa ta ƙi kallonsa, ta ƙi sunansa, ta ƙi yabonsa, ba a mayar masa da allura a hannu. An ƙara dakatarwa har bayan damina. Kafin Na'Allah ya fassara, jandarma ya riga ya fitar da tsohuwar, ba ta ji komai ba sai guɗa.

A gindin itacen bedi Balki ta same ta, baki har kunne.

"Gogo, Allah ya saka miki!"

"'Yar nan, guɗar me ake yi? An ce ya koma aikin?"

"Ya koma ina? An ƙara masa, albarkacin bakinki. Ke kika gama da shi." Balki ta tafa hannu. "Ni dai gaya mini, me azzalumin nan ya yi miki, da ko sunansa ba ki iya kamawa?"

Tsohuwar ta dafa bedin, ta zauna a ƙasa.

"Haba 'yar nan," ta ce, "a ina kika taɓa jin uwa ta kama sunan ɗan farinta a gaban mutane, balle ta yabe shi?"