Kunnen Kawu Sakiusa

"Ni ba na son solar nan!" in ji Kawu Sakiusa a taron ƙauyenmu. "Me janareta ya yi muku?"

Muka ce hayaƙi, ga man sai jirgin ruwa ya kawo daga Suva, babban birnin ƙasarmu. Aka kafa sola mai tambarin tsabtar muhalli, aka kashe janareta. Tsibirinmu ya yi tsit.

Washegari yana gindin janaretan, inda ya saba zama, sai matarsa Vasemaca ta ce a hankali daga kicin, "Baban Litia, kifi ya dahu."

Zumbur ya miƙe.

Ta leƙo tana dariya. "Ashe kunnen ya warke! Shekara da shekaru ina kiranka gurzar kwakwa, kana cewa ƙara ta hana ka ji. Babu wani kifi. Ga kwakwar nan."