Inda Garzali Ke Zuwa Ran Juma'a

Kwana tara ke nan da saukar Sa'adiyya a Doha, har yau ta kasa yi wa ɗanta Garzali tambayar da ta kawo ta.

Ɗanbaba, abokin aikinsa, shi ya jefa mata maganar tun a Kano da ya je hutu: wai duk safiyar Juma'a ana ganin motar Garzali a ƙofar coci. Juma'a fa! Shi ya sa da yaron ya samo mata katin shiga na 'yan kallon gasar ƙwallon duniya ba ta yi gardama ba, ita da ko a talabijin ba ta kallon ƙwallo.

Sai yawo yake da ita. A gidan tarihin bakin teku ta ga tsofaffin Alƙur'anai a cikin gilashi, da dardumai da ba a yarda a taka ba. Wani gidan kuma zane-zane ne da ta rasa gane kansu da gindinsu. Ƙafafunta sun kumbura, sanyin na'ura ya shige mata ƙugu. Shi ma da sun hau bene sai ya jingina da bango yana haki, ya gyara ƙyallen da ke wuyansa, ya ce, "Yalla, mu je Umma, saura ɗaki ɗaya."

Ba wannan Garzalin ta zo gani ba, na lokacin korona take nema. Wata huɗu bai kira ba, wai kamfani ya hana, amma kullum da asuba saƙonsa na shigowa a rubuce, ta haɗa baƙi a hankali ta karanta. Shi ya lallashe ta ranar da aka binne yayarta ba ta samu zuwa ba. Shi kaɗai ta gaya wa ta ji ƙari a ƙirjinta, ya matsa mata lamba har ta je aka cire. Ga shi yanzu suna ci a kwano ɗaya, ko sau ɗaya bai ce mata ya jiki ba.

Ran Juma'a ta riga shi shiga mota.

"Inda ka saba zuwa, can za ka kai ni."

Ya ja motar. Suka tsaya a wani makeken filin motoci a bayan gari. Gini ne kawai, ba gicciye, ba ƙararrawa, Indiyawa da 'yan Filifin na ta ɓulɓulowa. Ta riƙe carbinta gam.

"Nan Juma'a ce ranar hutu, ita ce Lahadinsu," in ji shi. "Ni a mota nake jira."

"Jiran wa?"

Wani dogon mutum cikin kakin gadi ya nufo su. Garzali ya ce Istifanus ne, ɗan Kafanchan, ɗakinsu ɗaya a unguwar Mu'aither. Sa'adiyya ta kau da kai. Mutumin ya rusuna a jikin tagarta.

"Mama, sannu da hanya. Ya jikin? Wurin ɗinkin ya daina zugi?"

Carbin ya tsaya a hannunta. Ta juya ga ɗanta. Garzali ya warware ƙyallen, ga tabon rami a maƙogwaronsa.

"Wata huɗun nan ina asibiti ban san inda kaina yake ba, Umma. Kafin a kwantar da ni na roƙe shi kar ki sani, na bar masa wayata, shi ya yi ta rubuto miki."