Ɗan Bututun da Ya Yi wa Waya Yawa

“Baba, wai in dai waya ta taɓa waya rediyo ya yi magana, ina ruwan mutum da ja ko rawaya?”

Maigidana ne ya yi wannan tambaya, ina bayan labulen zaure riƙe da kwanon abincinsu na rana. Malam Tanimu yake tambaya, dattijon da ya koya masa gyaran wayoyin mota kafin ya kafa tasa rumfar a ƙofar gidanmu. Na san abin da suke nufi, don ni nake tsince su a aljihu in zan yi wanki. Wasu 'yan bututun ƙarfe ne masu rigar roba, ba su kai gaɓar yatsa ba. Ana cusa bakin waya ta nan, a cusa ɗaya ta can, a matse da filaya. Kunya ta hana ni shiga, ta kuma hana ni komawa, sai na tsaya.

Malam Tanimu bai amsa kai tsaye ba. Ya ce an yi wani mai gyara, mai hannu ne kuma ba maƙetaci ba. Ran nan wani babban mutum da yake jin nauyinsa ya kawo mota a sa masa sabon rediyo. Direba ne mai doguwar hanya, rediyon nan ne abokin hirarsa, shi ke kore masa gyangyaɗi. Da mai gyara ya buɗe gwangwaninsa, sai ya tarar jajayen bututu, na siririyar waya, sun ƙare. Saura masu ruwan rawaya, na waya mai kauri. Kasuwa ba nisa, amma ga babban mutum tsaye a rana, an ba shi kujera ya ƙi zama. Ta yaya zai ɗaga ido ya ce masa a jira? Sai ya sunkuyar da kai ya cusa siririyar waya a faffaɗan bututu, kamar ƙafar yaro a takalmin ubansa. Ya matse, bai ja ya ji ko ta kama ba, ya mayar da murfi. Rediyo ya ɗauka raɗau, aka sa masa albarka.

To, hanya ba ta san kunya ba. Kowane rami mota ta faɗa, waya ta ɗan zame. Kwana shida sifika ta fara shaƙewa kamar mai mura, ran na bakwai ta yi tsit a tsakiyar daji, da rana tsaka, ga ciki cike da tuwo. Allah ya tsare, gyangyaɗin bai wuce tayar gaba ta sauka daga kwalta ba. Mai motar bai koma wurin mai gyara ba, don shi ma yana jin nauyinsa. Wurin wani tsoho ya je ya ce a duba masa, kada kowa ya ji. Tsohon ya buɗe, ya gane hannun, ya mayar da murfi ya ce kayan aikinsa ba sa kusa, a ba shi kwana biyu.

Can Malam Tanimu ya ce, “Wannan ƙamshin miyar kuka, a bayan labule za ta huce ne?”

Na shiga na durƙusa na ajiye, ban kalli kowa ba. Amma ta wutsiyar ido na hango maigidana, na ga yadda yake juya filaya a hannu ba abin da yake matsewa. Ni kuwa na tuna wata Alhamis kwanan baya, da Baffa, mahaifina, ya zo da motarsa. Ta kafar ƙyaure na hango shi tsaye a rana, kujera a gefensa ba kowa. Rabonsa da ya yarda wani ya taɓa motar nan in ba Malam Tanimu ba, tun ban yi wayo ba.

Washegari da hantsi maigidana ya ce zai leƙa ya gaida su Baffa, an kwana biyu. Da ya sunkuya sa takalmi na ji aljihunsa na ƙara, na hango ja a ciki. Na ƙulla daddawa na ce ya kai wa Inna, don ya sami abin riƙewa a hannu in ya yi sallama.

Bai san na gane ba, kuma ba zai sani ba. Ko Inna in ta tambaya, daddawa na aika. Abin da na ajiye wa kaina kawai shi ne maganar da Malam Tanimu ya yi yana wanke hannu, kamar da kwano yake: ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.