Kibiya Ta Haukace

Saura minti biyar a fara wasan ƙarshe na gasar kwamfuta, kibiyar allon kwamfutar wani saurayi ta haukace. In ya ja linzami dama, sai ta yi hagu. Ya hura, ya goge, ya tsine wa mai shagon da ya sayar masa da shi. Da ya zare wayar linzamin amma kibiyar ta ci gaba da zagaye, sai ya ruga falo Baba ya tofa masa addu'a.

Ya tarar da tsohon a kishingiɗe, yana murza tsohon linzamin saurayin marar waya a gwiwa, jar wutarsa na ƙyalli.

"Baba! Wannan ai yana haɗe da kwamfutata!"

"Wallahi ya fi man zafin likita aiki. Ɗan jira, saura ɗaya ƙafar."