Ranar da Baba ya ba ni jumel

Babanmu tsohon soja ne. Ya dawo Gure da madubin hangen nesa, wanda yake kira jumel. Da shi yake neman shamuwa kowace bazara, don ba ya binne irin gero sai ya gan ta da idonsa.

Wata la'asar muka hau tudun yashi na bayan gida. Ya ɗora jumel a ido, ya sauke, ya goge da bakin rawaninsa, ya sake ɗorawa.

"Abin nan ya lalace," in ji shi. "Duk hazo ne ciki."

Na karɓa na duba. Ga shamuwa uku bisa gawo, har jan gwiwarsu ina gani.

"Baba, ai garau yake! Ga su can!"

Ya juya wajen gawon, ya ƙura ido. Sannan ya rataya mini igiyar jumel ɗin a wuya.

"To uwata, daga yau ke za ki riƙa gano mini."

Na sauko ina tsalle, wai na samu kyauta. Ban san idonsa ne ke tafiya ba. Bai ƙara hawa tudun nan ba.

Wallahi har yau in shamuwa ta zo, sai in ji ina ma na ce masa, "E Baba, hazo ne."